Ziyarar masu taɓin hankali a ikilisiyoyin Maradi: abin da kowa ya gani

Dattijon ikilisiya: Salama gare ku. Ga tsarin da ya fi aiki wajen ziyara: mutum biyu kawai, mace ga mace, namiji ga namiji, rana ɗaya a sati wadda ba ta canzawa, kuma kada a wuce minti 30. Taron mutum goma da ganga da ɗora hannu yana firgita wanda ke jin muryoyi, sai ya ɗauka an zo kama shi. A nemi izininsa kafin a taɓa shi.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, bari in ƙara na magani, don nan ne ake yawan faɗuwa. Mutum ya samu sauƙi, ya ba da shaida ranar Lahadi, ya ajiye ƙwayoyinsa, bayan ƴan makonni ko watanni ciwon ya dawo. Mai ziyara ya duba kwalin maganin taɓin hankali irin Haldol ko Largactil, ya ƙidaya abin da ya rage, ya rubuta ranar komawa likita. Idan wuya ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, ba aljani ba ne, illar maganin ce. Likita kan rage shi ko ya haɗa da Artane, maganin da ke rage wannan illar. Largactil kuma ba ya shiri da zafin Afrilu: inuwa da ruwa da yawa. Maganin ciwon damuwa irin Laroxyl sai ya yi sati 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsa, kada a ce bai yi ba.

Shugabar zumuntar mata: Gaskiyarki, ƴata. Azumi da kwanan addu'a ma a ɗauke wa masu ciwon. Rashin barci kaɗai ya isa ya tayar da wanda hankalinsa ya kwanta. Mu kai tuwo, mu zauna da mai jinyarsa ta samu ta je kasuwa, don ita ma ta gaji.

Fasto: Mama, ko Iliya da ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abinci da barci aka fara ba shi. Zabura 23 ko 88 ta isa, a karanta a hankali. Markus 5 kuwa a bar shi. Mai ciwo yana jin labarin mai aljannu sai ya ce da shi ake. Kuma kada a ambaci sunansa a roƙon addu'a na majami'a sai ya yarda.

Jagoran matasa: Baba Fasto, ga samari a tambayi maganar taramol, amma ba gaban iyaye ba.

Ma'aikaciyar jinya: Haka ne, ƙanena. In kuma mai ciwon ya ce ya gaji da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka masa tunanin. A kawar da fiya-fiya, maganin ɓera, igiya da wuƙa, a riƙe masa ƙwayoyin a dinga ba shi na rana ɗaya-ɗaya, wani ya kwana da shi. Ba mari, ba ɗauri. A kai shi babban asibitin Maradi a ranar, kada a jira Lahadi.