Tacoma 'yar Kanada ta Kwatano: TRD Sport ko TRD Off-Road?

Manomin Bokkos: Assalamu alaikum. An yi min tallar a-kori-kura Toyota Tacoma ta 2017, wai 'yar Kanada ce da ta biyo ta Kwatano, da sitikar TRD (tambarin wasu samfuran Toyota na musamman) a gefe, mita na nuna 90,000. Dankali za ta riƙa ɗaukowa daga gona zuwa Jos, har da damina. Me zan duba?

Bakanike Farin Gada: Wa alaikumus salam Alhaji. Sitika ko a bakin titi ana liƙa ta, kayan motar za ka duba. TRD Sport tana da hanci a kan bonet, na ado ne kawai, rim ɗinta inci 17, kuma don kwalta aka tsara ta. TRD Off-Road rim inci 16 gare ta, da shokozoban Bilstein, da makullin aksil na baya mai sa tayoyin biyu su juya tare. Maɓallinsa na sama, kusa da madubin ciki. A taɓon gona wannan makullin ne ke fitar da mota in taya ɗaya ta kama lilo, don haka Off-Road ce ta aikinka. Sai dai kowaccensu akwai wadda tayoyin baya kaɗai ke ja. A hau da ita kan rami a ga farfelar da ta nufi gaba, sannan a juya maɓallin 4H da 4L, masu sa tayoyi huɗu su ja, a ji sun shiga. Tun tana kan ramin a ƙwanƙwasa shasi da guduma, musamman wajen sifirin na baya. Gishirin da ake zubawa a titunan Kanada lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ciki, kuma baƙin fenti sabo a ƙarƙashi sau da yawa tsatsa yake rufewa.

Dilan Motoci Abuja: Oga ya gama maganar ƙarfe, saura takarda. Lambar shasi guda 17 ce. Ta goma ita ce shekara, ta 2017 H ce, G kuwa 2016. Lambar shasin za ta fara da 5 ko 3, wato Amurka ko Meziko aka haɗa ta, ko da a Kanada aka sayar. Ka bincika tarihinta da lambar, don motocin gwanjo da suka yi haɗari ko ruwa ya ci suna da yawa. Mita kuma, 'yar Kanada kilomita take ƙirgawa. In mil ne, 90,000 ɗin nan kusan kilomita 145,000 ne.

Malamin Kiliyarin: Alhaji, kalmar Kwatano ce ta fi damuna. A ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin kan tudu. Ka karɓi takardar duti, ka kai ofishin kwastam su tabbatar lambar shasin da ke jiki ita ce ta motar, kafin ka ba da ko kafin alƙalami. In ta bogi ce, a hannunka za a kama ta a hanya.