Jirgin Ruwa Tsakanin Duwatsun St Kilda da Fentin Mai

Masu zanen da suka tattauna yadda ake zana jirgin ruwa tsakanin duwatsun St Kilda da fentin mai sun fi tsayawa a kan abu ɗaya: girman jirgin. Dutsen Stac Lee, ɗaya daga duwatsun tsibiran St Kilda da ke yamma da Sikotilan, ya kai mita 172 daga ruwa, saboda haka idan jirgin ya yi girma a zanen, dutsen sai ya koma tsakuwa. A ƙanƙanta shi, a kuma ja layin mahaɗar ruwa da sama tun farko.

Shafen farko ya zama siriri, fenti mai launin ruwan ƙasa da aka tsinka da tafentin, wato ruwan tsinka fentin mai. Kowane shafe na gaba ya fi na ƙasansa man linsid, wato man da ake haɗa fentin da shi. Wanda ya juya wannan tsari, fentinsa zai tsattsage, domin na sama ya bushe na ƙasa yana ɗanye.

Duwatsun nesa a dusashe su da shuɗi da fari. Na kusa kuwa wuƙar fenti ta fi burushi fito da kaushinsu, kuma kada a manta farin kashin tsuntsaye a kansu.

Inda aka fi kuskure shi ne gindin jirgi: in babu inuwa mai duhu da ɗan kumfa a nan, sai ya zama kamar an liƙa shi. Igiyoyinsa a bari sai fenti ya bushe, wajen mako guda.