Wa ya taɓa samun taimakon Asambili a kan wasan al'ada? Ku ba mu labari

Ɗan Bakin Ruwa

Assalamu alaikum jama'ar zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a garuruwan Gana. Muna da ƙungiyar matasa a wani garin bakin teku a nan Gana, sunan garin dai a bar shi, don gobe ma ofishin nan zan koma. Mu 20 da 'yan kai ne, muna kiɗan kalangu da ganga, muna kuma ɗan wasan kwaikwayo da Hausa da Fanti. Bara muka shirya wasa washegarin babbar sallah, muka rubuta wa Asambili, wato majalisar gundumarmu, takarda ana saura mako 3, muna roƙon kuɗin hayar lasifika da ɗinkin kaya. Sawuna 5 a ofishin. Yau oga ya tafi taro, gobe takarda na kan tebur. Har aka cinye naman layya ba amsa. Da bikin garin ya zo kuwa, sai ga kanofi jere da tambarin Asambili, ga kujeru, ga 'yan sanda. Shin mu ne ba mu iya nema ba, ko kuwa ba a lissafa da mu ne? Wanda ya taɓa shiga wannan harka ya gaya mana yadda ta kaya.

Tsohon Asambiliman

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi wa'adi biyu a kujerar wakilin unguwa a Asambili, takardu irin taka kuwa na ga sun fi a ƙirga. Laifin farko na lokaci ne. Kuɗin Asambili ta hanya biyu suke shigowa. Akwai wanda take tarawa da kanta, wato tikitin kasuwa da na tasha, harajin gidaje, lasisin shaguna. Akwai kuma Kwaman Fon, kason da tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa gundumomi, bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba. Asambili 261 ke jiran wannan tukunya, ana sakinsa kashi huɗu a shekara, kuma kowa ya san yadda yake makara. Kafin ya iso ma an riga an yi masa miji: ajin makaranta, ƙaramin asibiti, kwata, kwashe bola. Abin da ake rubuta wa al'adu ɗan tsiriri ne, kuma ana rufe kasafin baɗi tun kafin shekara ta ƙare. To kai ka zo ana saura mako 3, akawu zai ciro maka daga ina?

Su bukukuwan gari ranarsu a kafe take. Bakatuwe na Elmina Talatar farko ta Yuli, Fetu Afahye na Kef Kos Asabar ɗin farko ta Satumba, Abwakyer na Wineba Asabar ɗin farko ta Mayu. Mai rubuta kasafi ko daga barci aka tashe shi ya san su. Sallarmu kuwa kowace shekara tana ja baya da kwana 10 ko 11, shi kuma ba duban wata yake yi ba. In ba wani ya tashi a zauren ya tuna masa ba, shi ke nan.

Sannan ka daina roƙon tsabar kuɗi. Ka roƙi kanofi, kujeru, fili, mota, masu shara. Waɗannan suna ajiye a sito, sa hannun mutum ɗaya ya isa. Kuɗi kuwa sai ya bi ta tebur wajen shida.

Hajiya Mai Koko

Alhaji, da girmanka, ba duka ka faɗa ba. Mu tun watan Janairu muka kai tamu takardar, ƙungiyar matan zango masu kiɗan ƙwarya da waƙoƙin biki. Jami'in ya karanta, ya dube ni ya ce ai wannan harkar addini ce, mu je wajen limaminmu. Na ce ranka ya daɗe, wane limami ka taɓa gani yana kiɗan ƙwarya? Limamin ma fama muke da shi ya bar mu mu yi. A wurinsa duk abin da ya fito daga zango salla ce da azumi. Da bikin gari ya matso sai suka aiko wai mu zo mu kama rumfa mu sayar da koko da ƙosai, har da kuɗin rumfa. Kokonmu dai kowa na sha, har sunanmu aka laƙa masa, amma waƙarmu ba al'ada ba ce.

Abin da ya fishe mu, Magajiyarmu ce ta ce mu bar bin ofis. Ta kai mu gaban Sarkin Zango, shi kuma ya ɗauke mu muka je gaisuwa fadar sarkin garin, da goro da ɗan abin da ya samu. Ashe bikin ba na Asambili ba ne, na sarki da dattawansa ne, ita taimakawa kawai take yi. Sarkin ya ce kakanninsa ne suka ba kakanninmu ƙasar zango, don me ba za mu fito ba? Aka sa mu a jerin masu wucewa ranar babban taro, bayan 'yan Asafo, ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya na gari masu tutoci. Da sunanmu ya fito a takardar shirin biki, jami'in nan dai da kansa ya bugo waya yana tambayar mu nawa ne, za a turo mota.

Tsohon Asambiliman

Hajiya kin yi gaskiya, na karɓa. Irin wannan jami'in na zauna da su.

Mai Kalangu

Ni nawa a Ankara ne, ta Gana fa, ba ta Turkiyya ba. Kuma ni na jawo wa kaina. Na sa ranar wasan yaye yaran da na koya wa kiɗa, na biya kuɗin fili, na gayyato makaɗa daga Kumashi, ban duba cewa ranar ta faɗa cikin watan da sarakunan ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na Homowo ba. Wata guda cur ake yi, wajen Mayu zuwa Yuni, kuma ba a ware coci ko masallaci, kowa sautinsa ya tsaya cikin gininsa. Wata ma'aikaciya a ofishin da na je neman izini ce ta nuna mini kalanda ta ce Malam, ka ɗaga, in ba so kake a tafi da gangunanka ba. Na ɗaga da mako 3, kuɗin motar 'yan Kumashi ya bi ruwa. Ko sisin kwabo ba su ba ni ba, amma matar nan ta cece ni. Ku na yankin Fanti ku ma ku bincika, ana irin wannan hani kafin Fetu.

Malamar Firamare

Ƙanena mai tambaya, ƙungiyarku tana da rajista? Tana da asusun banki da sunanta? In babu, ko shugaban Asambili ƙanin babanka ne ba zai rubuta ceki da sunan mutum ɗaya ba, masu binciken kuɗi za su kama shi.

Akwai wani ofis da mutanenmu ba su cika sani ba. Hukumar Al'adu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1990, tana da cibiya a manyan biranen yankuna, kuma tana tura jami'an al'adu gundumomi. Namu ɗakinsa ƙarami ne a bayan ginin Asambili, tebur ɗaya, fanka ba ta aiki. Kuɗi kam ba shi da su, shi kansa kuka yake yi. Amma shi ake tambaya idan ana neman masu wasa ranar samun 'yancin kai, 6 ga Maris, ko ranar manoma, Juma'ar farko ta Disamba, wadda a nan bakin ruwa har masunta ake karramawa. Na kai yaran makarantarmu ta allo da boko wurinsa, ya rubuta su a littafinsa, ya zo ya kalli gwajinsu sau biyu, har ya gyara musu yadda ake shiga fili da fita. Shekarar nan muka yi wasa gaban shugaban gunduma, wasan kwaikwayo a kan zubar da leda a bakin teku. An yi mana alkawarin ɗan abin sabulu. Ya fito, amma bayan wata 7, lokacin biyu daga cikin yaran sun riga sun wuce sakandare. Ni na ci bashin kuɗin ɗinki a wurin tela, kuma har ranar da kuɗin ya fito ta bayan layi nake bi in je makaranta.

Wani abu kuma, wasan nan da ya taɓo tsafta shi ya buɗe mana ƙofa. Sashen tsaftar muhalli yana da kuɗin wayar da kai, ya fi na al'adu nesa ba kusa ba. Sun sake kiranmu har sau biyu.

Mai Burushi

Ni mai zanen bango ne daga unguwar Nima a Ankara. Ku dubi Chale Wote, bikin zane da kiɗa da ake yi a kan titi a Ankara. A 2011 masu zane da mawaƙa ne suka fara shi da kansu a titin Jemstawun, ba gwamnati ba. Sai da jama'a suka cika titi, baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashen waje a watan Agusta, sannan kowane babba ya so a gan shi a wurin. Abin da irin wannan taro ke buƙata daga hukuma shi ne a rufe titi, a kawo tsaro, a kwashe shara washegari. Ni abin da na taɓa samu bango ne. Bangon wata makarantar gwamnati, dogo, duk an ɓata shi da fostocin 'yan siyasa da na masu maganin basir. Asambiliman ɗinmu ya karɓo mana izini, fenti kuma mu muka yi karo-karo. Wata uku muna kai.

Kada ku manta da 'yan sanda. Dokar 1994 ta ce a sanar da su a rubuce aƙalla kwana 5 kafin taro a bainar jama'a. Takardar Asambili ba ta wadatar a nan.

Ɗan Sakunde

Ku zo Takoradi lokacin Kirsimeti ku ga Ankos, masu rufe fuska da kaya kala-kala da 'yan badujala. Maƙwabcina yana cikin wata ƙungiyarsu, tun farkon shekara suke zubi kamar adashi don ɗinkin kaya. Ba wanda ke zaman jiran ofis. Bambancinmu da su ɗaya ne, su kamfanin giya zai iya ɗaukar nauyinsu ya kafa tutocinsa. Mu an taɓa kawo mana irin wannan tayin a wasan dambe da kokawa da muka shirya, dattawa suka ce ko kusa. Muka koma wajen mahauta da direbobin manyan motoci na tashar jirgin ruwa, su suka sayi ragon da aka ba zakara.

Na Sabon Zango

To ina Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017? Ba nan ya kamata a nufa ba?

Tsohon Asambiliman

Wannan na gwamnatin tsakiya ne, ba ya bi ta hannun Asambili. Ma'aikatar zango da aka yi tare da shi an rushe ta a 2021, asusun ya ci gaba. Ayyukan da aka fi saninsa da su gine-gine ne, makarantu, ruwa, filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Ku rubuta, ba a hana ba. Ɗan majalisar dokokinku ma yana da nasa kaso a cikin Kwaman Fon, kuma hannunsa ya fi saurin buɗewa.

Hajiya Mai Koko

Saurin buɗewa a shekarar zaɓe dai, Alhaji. Mu an taɓa aiko mana da kanofi 4 ana saura wata biyu a kaɗa ƙuri'a a Disamba, da muka buɗe sai ga launin jam'iyya da hoton mutum. Rabin matanmu suka ce ba za su zauna a ƙarƙashinsa ba, rabi suka ce inuwa ai inuwa ce. Mata biyu har yau ba sa gaisawa, kuma 'ya'yansu aure ne tsakaninsu.

Jikan Masunta

Mu a gabashi, wajen Keta, lissafin daban ne. A Nuwamban 2021 teku ta hau gari cikin dare, dubban mutane suka rasa wurin kwana, a daidai kwanakin da ƙabilar Anlo kan yi bikinsu na Hogbetsotso. Mun riga mun kai takardar neman taimakon gyaran gangunanmu, gishirin iska ya cinye fatun da igiyoyin. Ni da ƙafata na je na ce a ajiye ta. Mutane na kwana a aji, da wane baki zan tambayi fatar ganga? Daga baya wani mahauci ya ba mu fatun akuya kyauta.

Ɗan Bakin Ruwa

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na je gidan asambiliman ɗin unguwarmu, ya ce shi bai ma taɓa jin labarin takardarmu ba. Yau da safe muka je tare, aka duba littafin karɓar wasiƙu, babu ita a ciki. Ashe wanda na miƙa wa a bakin ƙofa ba ma'aikacin wurin ba ne. Mun leƙa ɗakin jami'in al'adu, mun same shi, ya ce mu kawo tsarin mulkin ƙungiya da sunayen shugabanni. Malama, in kina da kwafin naku ki taimaka mana mu duba. Ranar Juma'a kuma za mu je gaida Sarkin Zango kamar yadda Hajiya ta ce. Saura rigimar suna, masu kiɗa na son nasu, masu wasan kwaikwayo na son nasu, banki kuma suna ɗaya yake so.

Tsohon Asambiliman

Wannan karon ka buga takardar kwafi biyu. Ka kai ɗakin rajista da hannunka, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, ka dawo da ita gida. Ka rubuta ranar sallar baɗi ta Bature a ciki, ka ƙara kwana ɗaya gaba da baya saboda ganin wata.

Malamar Firamare

Zan turo maka da daddare in wuta ta dawo. Ka cire sashen kuɗin tara na makara, mu ma bai taɓa aiki ba.