Kanarina ya tsere daga keji a unguwar Birni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Kanarina ya fice daga keji da safiyar yau, kuma har yanzu ina jin kukansa a bishiyar dogon yaro ta maƙwabcinmu. Ta yaya zan dawo da shi?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari yara su bi shi da gudu ko su girgiza reshe, domin tsuntsun da ya saba da keji ba ya yin nisa sai an firgita shi. Ka rataye kejin a buɗe kusa da bishiyar, ka zuba gero da ruwa, domin a zafin Damagaram ƙishirwa za ta sauko da shi kafin yunwa.

Baba Mai Tsuntsaye:
Ɗana, idan kana da wani kanari, ka ajiye kejinsa kusa da buɗaɗɗen, kukan ɗan'uwansa ya fi gero tasiri. Ka ɗaura siririn zare a ƙofar, ka ja daga nesa da zarar ya shiga. A nisanta kyanwa daga tsakar gida.

Ɗan Zango:
Idan magariba ta yi, ka lura da reshen da ya kwana, ka koma da asuba.