Abokin mota da abokin Facebook: ta yaya zan san na amincewa a Legas?

Baƙon Agege:
Assalamu alaikum, manya. Ban daɗe da zuwa Legas ba, ina zaune a Agege, kuma ban san kowa ba sai maigidana. A motar da ta kawo ni daga Kano mun saba da wani, har mun yi musayar lamba. Akwai kuma wani da muka haɗu a Facebook, ya ce albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, yana ta cewa in zo mu gaisa. Ina son yin abokai, amma ina jin labarin damfara. Ta ina ake farawa?

Ɗan Fatoma:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki na mota. Tafiyar Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ce, kwana ake yi a hanya, dole hira ta haɗa ka da na kusa da kai. Ba laifi ba ne. Sai dai sabon mota ba ya nuna halin mutum, abin da ke nunawa shi ne wanda ya san shi.

Tun zamanin fataucin goro haka tsarin yake: baƙo ba ya sauka sai a hannun fatoma, shi ke tsaya masa. Yau ma bai canza ba. Ka tambaye shi garinsu da unguwarsu, wa ne maigidansa a Legas, a wace kasuwa yake, a wane masallaci yake salla. Mai gaskiya zai zayyano maka sunaye har ka gaji. Mai ɓoye-ɓoye zai ce "ina nan wajen Ikeja" ya juya tambayar kanka. Sunayen da ya ba ka sai ka kai wa maigidanka. Tsakanin Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 da wuya a buga waya biyu ko uku ba a samu wanda ya san shi ba.

Nan gaba in za ka sake yin tafiya, abu uku ba a haɗawa da sabon aboki. Abinci ko lemon da aka riga aka buɗe, domin da shi ake zuba wa mutum maganin barci, ya farka ba waya ba kuɗi. In kana jin kunyar ƙi, ka bari sai an tsaya salla ka saya muku a wajen mai abinci, ku ci tare. Na biyu saƙo. Duk ƙullin da ba ka ga cikinsa ba kada ka karɓa, ko da an ce magani ne za a kai wa tsohuwa. In jami'an NDLEA suka buɗe a shinge, wanda aka samu kaya a hannunsa shi ne mai kaya, "ajiya aka ba ni" ba ta fitar da kowa. Na uku aron waya. In ya ce cajinsa ya ƙare, kai za ka danna lambar, ka sa a sifika, wayar tana hannunka.

Mai Gyaran Waya:
Alhaji ya gama da mota, ni na Facebook zan taɓa. Kafin ka taka ko'ina, ka koma can ƙasan shafinsa. Shafin gaske yana da tsofaffin hotuna, da 'yan'uwa masu yi masa barka da salla ko ta'aziyya, suna kiransa da sunan gida. Shafin da aka buɗe jiya-jiya, hoto uku, abokai dubbai da ba su san juna ba, abin tsoro ne. Ka ɗauki hoton fuskarsa ka saka a Google Lens, manhajar da ke bincike da hoto, in na wani ne ya sata sau da yawa zai fito. Lambarsa kuma ka duba ta a Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, amma kada ka jingina da shi sosai, don mutum na iya sa sunan da ya ga dama.

Sannan kiran bidiyo, da safe, lokacin da kasuwa ke ci. Tunda ya ce albasa yake sayarwa, ka ce ya juya kyamara ka ga buhuna da maƙwabtansa. Hayaniyar Mile 12 ba a ƙirƙirarta a ɗaki.

Inda aka fi faɗawa shi ne lambobi. Zai ce zai saka ka a rukunin 'yan kasuwa ko na tallafi, za a turo maka lamba shida, ka karanto masa. Lambar rajistar WhatsApp ɗinka ce. Kana faɗa ya ɗauke asusun ya koma wayarsa, ya shiga roƙon kuɗi a wajen 'yan'uwanka da sunanka. Maganinsa ka shiga saitin WhatsApp yau ɗin nan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa wa layinka ma lambar sirri, saboda in an sace waya da layin ake kwashe kuɗin banki. BVN, NIN da lambar da banki ke turowa ba na aboki ba ne. Haka in ya ce a turo kuɗi ta asusunka ka cire masa, za a ba ka na goro, ka ƙi. In kuɗin damfara ne, asusunka za a rufe, kuma kai EFCC za ta fara nema.

Hajiyar Idi-Araba:
Kun tsorata yaron nan. Ɗana, yawancin mutanen da za ka haɗu da su lafiya lau suke, neman abinci ya kawo su kamar kai. In binciken ya yi kyau ka je. Da rana, a rumfarsa, ko ku haɗu a masallacin Juma'a, ba gida ba, ba otal ba. Ka fita da wuri ka baro kafin la'asar, don cunkoson Ketu da Ojota na yamma zai iya kai ka dare. Kada ka shiga motar da ya ce ya turo. Ka hau danfo, wato ƙaramar bas ta haya, a cikin tasha, ba a bakin titi ba, nan ne 'yan wancans, masu fashi da motar haya, ke ɗaukar fasinja. In hanyarka ta bi titin Ikorodu, babbar bas ta BRT ta fi kwanciyar hankali, sai dai ka tanadi katin Cowry da ake biyan kuɗinta da shi. Ka gaya wa maigidanka inda za ka, ka tura masa wurin da kake ta WhatsApp, ka zaɓi na awa 8, na awa 1 zai ƙare kana cikin cunkoso. Lambar gaggawa 112 ko 767.

Amma fa abokan da za su daɗe ba a waya suke ba. Ka riƙe masallaci ɗaya da mai shayi ɗaya, ka nemi ƙungiyar 'yan garinku, ka je suna da jana'iza ko ba a gayyace ka da suna ba. Maƙwabtanka Yarbawa kuma ka koyi gaisuwar safe da ta yamma da harshensu, suna girmama mai gaisuwa ƙwarai. Rance kuwa zai zo, ba makawa. Na farko kada ya wuce abin da in ya tafi ba zai hana ka barci ba, kamar naira 2,000, ka ga ko zai dawo da shi ba tare da ka tuna masa ba.

Baƙon Agege:
Na gode, Hajiya, Allah ya saka. Na mota maigidana ya san yayansa. Na Facebook na kira shi bidiyo ya ce kyamararsa ta lalace, amma in turo masa kuɗin kati ya kira ni.

Mai Gyaran Waya:
Kada ka tura. Ka ce ya ari wayar maƙwabcinsa, kasuwa cike take da wayoyi, ko ya faɗi sunan shugaban sashensu na 'yan albasa a tambaya. In ya ba ka lambar asusu, ka saka ta a manhajar banki ka tsaya kafin turawa, sunan mai asusun zai fito, ka gwada da wanda ke shafinsa.