Neman kalma: me za mu kira "infrared film" da Hausa?

Mai Hoto Agege:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar za a yi wa matasa masu koyon hoto darasi a kan nema da saye da wankin fim a nan Agege, kuma da Hausa za a raba takardar. Mai ɗab'i yana jiran ta Alhamis da la'asar. Babi ɗaya ne ya tsaya mini, na infrared film. Bayani yana hannu, suna ne babu. Ga abin da nake so sunan ya ɗauka: idon mutum yana ganin haske daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ita ce ma'aunin tsawon zangon haske), kuma ja ne na ƙarshe a jerin. Wannan fim yana kama hasken da ke gaba da jan, inda ido bai kai ba. Ganye ya fito fari fat, sararin sama ya yi duhu, ruwa ya yi baƙi ƙirin. Me zan rubuta a kan babin?

Ɗan Mile 12:
Wa'alaikumus salam. Fim ɗin zafi. Gajere ne, kowa zai gane. Ai masanin taurari William Herschel ma da ma'aunin zafi ya gano hasken a 1800.

Injiniya Idi-Araba:
A'a ƙanena, duk cikin sunayen da za a kawo wannan ne zai fi ɓatar da yara. Maganar Herschel gaskiya ce, amma kyamarar da ke ganin zafin jikin mutum tana aiki ne tsakanin nanomita 8,000 da 14,000. Fim bai ko kusa da nan ba. Fim ɗin Kodak HIE, wanda ya fi sauran nisa a kasuwa, a wajen 900 ya tsaya, kuma an daina yin sa tun 2007. Ilford SFX 200 iyakarsa 740. Ka ce wa yaro fim ɗin zafi, zai shiga ɗaki mai duhu ya ɗauki abokinsa yana jiran ya ga siffa, ya wanke ya tarar da fim fanko. Wannan fim rana yake so, rana mai ƙarfi, ko filasha, ko tsohon ƙwan lantarki mai zare. Fitilun LED da muke kunnawa yanzu kusan ba sa ba shi komai. Don haka duk sunan da ke da zafi ko duhu a cikinsa a ajiye shi.

Malama Obalende:
Idan fassarar kai tsaye ake so, infra ƙasa ne, sai a ce ƙasan ja. Larabawa haka suka yi, tahtal hamra. Matsalar ita ce kunnen Bahaushe zai ji jar ƙasa, ta gini. Ni na fi karkata ga bayan ja, ko gaba da ja kamar yadda Malam ya rubuta da kansa ba tare da ya lura ba. Sannan a kula da kalmar fim. Matashin yau in ya ji fim, Kannywood yake tunawa. A farkon takarda a rubuta fim ɗin kyamara sau ɗaya, daga nan a ci gaba da fim.

Baba Tafinta:
Malama kin kusa, amma gaba da ja bayani ne, ba suna ba. Hausa tana da ƙirarta ta yin suna daga aiki da abin da aikin ya faɗa wa: hana-salla, fasa-ƙwauri, ƙare-dangi, gagara-badau. A kan wannan ƙira na ce wuce-ja. Hasken wuce-ja, fim ɗin wuce-ja, matacin wuce-ja, hoton wuce-ja. Gaɓa uku, yana shiga kowace jimla ba tare da ya karya harshe ba, kuma ya faɗi gaskiyar abin: haske ne da ya wuce ja. Ƙari a kan haka, ya buɗe wa ɗan'uwansa na ɗaya gefen ƙofa, ultraviolet ya zama wuce-shuni. Malam, rubuta wuce-ja ka kai wa mai ɗab'i.

Ɗan Mile 12:
Baba, ja kuma ai jan igiya ne. A rubuce babu mai bambanta su.

Baba Tafinta:
Wanda yake karatun haske da launi ba zai yi tunanin igiya ba. Gari na ci da gari na zama ma iri ɗaya muke rubuta su, ba a taɓa dafa birni ba.

Alhaji Mai Kaya Idumota:
Ni ta fuskar saye zan yi magana, don darasin ya ce nema da saye da wanki. Ba kasafai za ka shiga shagon kyamara a Legas ka tarar da wannan fim a kan kanta ba, yawanci oda ake yi daga waje ko a ba matafiyi saƙo. Wanda zai yi oda dole ya san sunan da ke jikin kwali. Sababbin da ake samu su ne Rollei Infrared 400, wanda kamfanin Maco na Jamus ke sayarwa, da Ilford SFX 200 na Ingila, da irin su Rollei Retro 80S da Superpan 200 masu ɗan taɓa wannan haske. Kowanne akwai shi a girma biyu, 35mm da 120, a duba wanda kyamara ke ci. Sauran sunayen da yara za su gani a intanet tsofaffin kaya ne: HIE, da Efke IR820 wanda ya ƙare da rufe masana'antar Fotokemika a Kuroshiya a 2012, da Aerochrome mai launi wanda Kodak ta daina a 2009. Waɗannan duk wa'adinsu ya wuce, suna da tsada, kuma idan ba a firiza suka zauna ba, ƙarfin kama hasken ya ragu, hazo ya hau su. Mai koyo kada ya soma da su. In matafiyi ne zai kawo, a jakar hannu, kada a saka a babbar jaka da za a auna, kuma ya roƙi a duba da hannu, domin sababbin na'urorin binciken kaya na CT a filin jirgi suna lalata fim. Yanzu a gaya mini, yaro ya rubuta wuce-ja a wurin oda, me zai fito masa? A rubuta infared kawai, yadda muke cewa kyamara da rediyo.

Baba Tafinta:
Alhaji, wannan ita ce kasalar da ke cinye harshen. Duk abin da ya zo a kwali sai mu miƙa wuya. Magabata sun ga aeroplane suka ce jirgin sama, sun ga train suka ce jirgin ƙasa. Da sun yi irin tunaninka da yanzu eroplen muke hawa. Zaman Ikko ne ya sa kuke jin Hausa ba ta isa ba.

Alhaji Mai Kaya Idumota:
Magabatan nan dai su suka bar mana mota da tebur da asibiti. Kuma Baba a bar zancen zaman Ikko. Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro, Hausarsu ba ta zube ba.

Malama Obalende:
Gaskiyar Alhaji a nan. Kullum aka zo neman kalma sai a ce mu jira Kano ko Zariya su yanke, kamar mu 'yan haya ne a harshen. Masu sana'ar suna nan, ɗaliban suna nan, kalmar ma nan za a fara furta ta. Amma Baba bai ce a jira kowa ba, ƙirƙira ya yi, kuma ƙirarsa daidai take a nahawu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kore ta aro gaba ɗaya.

Ɗan Mile 12:
Ko rediyoyin da ke watsa Hausa daga waje kowace da kalmarta a abubuwa da yawa. Wa ya naɗa wani alƙali?

Mai Hoto Agege:
Don Allah a dawo kan babin, gobe Laraba. Akwai filter ma, gilashin da ake ɗaurawa gaban kyamara don tace haske, da alamar nan ta jikin lens, wato idon kyamara.

Injiniya Idi-Araba:
Filter dai mataci ne, babu gardama, ko da yake a bakin masu sana'a filta za ka ji. Ga abin da ya kamata babin ya ƙunsa, ko da wane suna aka tsaya. Fim ɗin yana ganin hasken yau da kullum ma, don haka in babu mataci hoton baƙi da fari na kowa zai fito. Jan mataci mai lamba 25 yana ba da kaɗan daga abin da ake nema, yana cin mataki uku na haske (kowane mataki rage rabin haske ne). Wanda ke fito da farin ganye sosai shi ne Hoya R72, mai tare kusan duk abin da ke ƙasa da 720. A ido baƙi yake, don haka a kyamarar SLR, wadda ake leƙe ta cikin lens ɗinta, sai ka tsara hoto ka saita shi tukuna, sannan ka ɗaura matacin. Rollei 400 da R72 a lissafa ISO ɗinsa, wato ƙarfin kama haskensa, kamar 12 ko 6 maimakon 400, wato an rasa mataki biyar zuwa shida. Da tsakar rana ISO 12 zai ba ka buɗin lens wajen f/11 da lokacin ɗauka 1/30 na daƙiƙa, shi ya sa ƙafar kyamara ta zama dole. Mitar haske ta kyamara ba ta auna wannan haske daidai, saboda haka kowane hoto a ɗauka sau uku: yadda lissafi ya ce, da ƙarin mataki ɗaya, da ƙarin biyu.

Alamar jikin lens kuma, jan ɗigo ne ko jan layi kusa da layin saiti. Wannan haske ba ya taruwa daidai inda hasken ido ke taruwa. Ka saita da ido, ka duba lambar nisa da ta tsaya a kan layi, ka murɗa ta ta koma kan jan ɗigon. In babu alamar, ka tsuke zuwa f/11 ko f/16 ya rufe kuskuren. Kyamarori masu aiki da hannu irin Pentax K1000 da Nikon FM2 sun fi dacewa, domin wasu samfuran Canon EOS da ƙaramar fitilar infared suke ƙirga fim, tana iya ƙona gefensa. A kai yaran inda akwai ganye da ruwa, gandun Lekki ko bakin lagun, a nan za su ga farin ganyen da masanin kimiyya Robert Wood ya nuna a hotunansa na 1910.

Baba Tafinta:
Ka ga da kanka, Injiniya: jan ɗigo, an wuce shi zuwa gefe. Komai na sana'ar yana nuna wuce-ja.

Injiniya Idi-Araba:
Ba a wuce ɗigon Baba, a kansa ake tsayawa.

Hajiya Mai Situdiyo Sabo:
Tunda an zo wanki bari in sa baki. Wankin hoto tsohuwar kalma ce, a bar ta. Magungunan kuma dibalofa (mai fito da hoto) da fiksa (mai zaunar da shi) muke cewa, in aka canza su yaro ba zai iya tambaya a kasuwa ba. Na baƙi da fari duk da maganin da aka saba ake wanke su, D-76 ko ID-11 ko Rodinal. Saka fim a kyamara a cikin inuwa sosai, domin Rollei a kan roba mai garau aka yi shi, haske yana bin harshen fim ya shige ciki ya ɓata hotunan farko. HIE kuwa a duhu ƙirin ake saka shi a fitar. Naɗa kowane fim a tankin wanki ma a duhu ƙirin, babu jar fitila. Tankin Paterson yana cin mililita 290 ga 35mm guda, 500 ga 120.

Babban abokin gaba a Legas zafin ruwa ne. Lokutan da ke jikin kwali an lissafa su a kan digiri 20, ruwan tankin gidajenmu kuwa yakan haura haka da nisa. A dasa kwalaben magani a cikin roba mai ruwa da ƙanƙara har ma'auni ya nuna 20, dukkansu, har da ruwan ɗauraya. In dibalofa mai sanyi ne fiksa mai ɗumi, fuskar fim tana iya yamutsewa. SFX 200 a ID-11 marar sirki minti 10 ne, ana juya tanki sau huɗu a farkon kowane minti. Rollei a fara jiƙa shi da ruwa minti ɗaya ko biyu, ruwan zai fito da launi, rinin bayan fim ne, kada a tsorata. Fiksa mai sauri kashi ɗaya a ruwa kashi huɗu, minti 2 zuwa 5. Ajiya a firij cikin leda mai rufi, kuma in an fito da shi a bar shi awa biyu ko uku kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta masa. Wanda ya samu Aerochrome, wannan wani babi ne: mataci ruwan ɗorawa, wanki da maganin fim mai launi, E-6 ko C-41, kuma a tabbatar injin wankin ba ya leƙa fim da fitilar infared.

A kan suna kuwa, ni infared zan ci gaba da cewa a situdiyo. Amma wuce-ja ya fi saurin koyar da yaro, wannan na yarda.

Mai Hoto Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ga abin da zan kai: kan babi, "Fim ɗin infared, wato wuce-ja". A wurin bayanin haske zan yi amfani da wuce-ja, a wurin saye da oda infared tare da sunayen kwali yadda suke. Mataci da filta duka zan ambata sau ɗaya. Zafi ba zai fito ba sai a gargaɗin Injiniya.

Baba Tafinta:
Ka sa baƙo a gaba, ɗan gida a baya. Ban ji daɗi ba, amma tunda ya shiga takarda, to. A bugu na biyu a juya su. Kuma kada mai ɗab'i ya cire karan tsakiya, wuce-ja ne, ba wuceja ba.

Malama Obalende:
Wuce-shuni kuma ban amince ba tukuna, shuni ya fi kusa da launin baban rini. A buɗe masa nasa zaren.