Me ya sa 'yan Iran suka fi 'yan Peru samu a Amurka?

Hadiza:
Jama'a, duka baƙi ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, amma za ka ji 'yan Iran likitoci ne da injiniyoyi, 'yan Peru kuwa galibi aikin ƙarfi. Mene ne sila?

Malam Sani:
Malama Hadiza, duba wanda ya fito tun farko. Kafin juyin juya halin 1979, babu ƙasar da ta kai Iran yawan ɗalibai a jami'o'in Amurka. Da gwamnatin Shah, sarkin Iran, ta faɗi, da yawansu suka ƙi komawa, attajirai kuma suka biyo da jarinsu, suka tare a Los Angeles. 'Yan Peru aikin masaƙu ya fara kai su Paterson a jihar New Jersey. Tururuwar 'yan Peru ta zo ne a shekarun 1980, lokacin rikicin 'yan tawayen Sendero Luminoso a ƙasarsu da hauhawar farashin da ta haura kashi 7,000 cikin ɗari a 1990. Mai albashin da ajiyarsa ta narke, da me zai buɗe kasuwanci?

Injiniya Bala:
Ƙari a kan na Malam, takardu. Likita daga Lima, babban birnin Peru, sai ya ci jarrabawar USMLE ta neman lasisin likitanci a Amurka, galibi kuma ya sake horon asibiti na aƙalla shekara uku. Wanda bizarsa ta ƙare ba ya ma shiga wannan layin.

Hajiya Rabi:
Kada dai a ɗauka jini ne. A Japan abin juyewa ya yi: dokar 1990 ta ba 'yan Peru masu tsatson Japanawa izinin zama, 'yan Iran kuwa leburanci suka yi ba takardu, har aka dakatar musu da shiga ba biza a 1992.